KAMA ISKAR KARBON: KADA MAGANIN ZAFIN DUNIYA YA SHANYE RIJIYOYINMU

A cikin ƴan shekarun nan, da wuya a tashi wani babban taro na ƙasashen duniya a kan sauyin yanayi ba a yi zancen kama iskar karbon ba. Maganar ta taso ne daga manyan masana'antu na Turai da Amurka, amma yau ta iso ƙasashenmu na Sahel, har ana jin cewa manomi yana iya samun kuɗi saboda itatuwan da ke tsaye cikin gonarsa. Tun da yake haka ne, ya kamata jama'ar Cadawa, da Agye, da Gazawa, da Gidan Runji, manoma da makiyaya da ma'aikatan gwamnati, su san ko mene ne wannan al'amari, su kuma san abin da yake ci. Kowace dabara ta kama wannan iska tana da farashinta, kuma sau da yawa da ruwa ake biya. Mu kuwa a jahar Maraɗi ba mu da wata dukiya da ta fi ruwa tsada.

MECE CE ISKAR KARBON?

Duk lokacin da aka ƙona itace, ko gawayi, ko kwal, ko man fetur, akwai wata iska da ke fita wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce masana ke kira gaz karbonik, mu kuma za mu kira ta iskar karbon. Ita ce muke fitarwa in mun yi numfashi, ita ce kuma ke sa lemun kwalba yin kumfa. Amma in ta yi yawa a sararin sama, sai ta zama kamar bargo, ta hana zafin ƙasa fita. Kafin zamanin injuna, in aka raba iskar sama kashi miliyan ɗaya, kashi 280 ne iskar karbon. Yanzu ta haura kashi 420. Daga nan ne ƙaruwar zafi ta samo asali, da rikicewar damina, wata shekara fari, wata shekara ambaliya.

A kowace shekara, ƙona kwal da man fetur da gaz yana fitar da wajen tan miliyar 37, watau miliyan dubu 37, na wannan iska. Rabon ƙasarmu cikin wannan ɗan ƙanƙane ne: in aka raba bisa kan mutum ɗaya, ɗan Nijar yana fitar da wajen kilo 100 a shekara, Ba'amurke kuwa wajen tan 14. Ba mu muka hura wutar ba, amma zafinta bai tsallake mu ba.

Hanyoyi biyu ne manya ake bi don rage wannan iska. Ta farko hanyar inji ce, ta biyu hanyar itace.

HANYAR INJI DA ƘISHIRWARTA

A hanyar inji, ana tare hayaƙin masana'anta kafin ya fita, a bi da shi ta cikin wani ruwan magani wanda ke riƙe iskar karbon. Sa'an nan a dafa ruwan maganin har ya saki iskar, a matse ta da ƙarfi har ta yi kauri kamar ruwa, a tura ta cikin bututu, a dura ta ƙarƙashin ƙasa, a zurfin da ya wuce mita 800. Ƙasar Norwe ta fara yin haka a 1996 a filin gaz na Sleipner, ƙarƙashin teku. Akwai kuma injunan da ke zuƙar iskar kai tsaye daga sarari, kamar wanda aka buɗe a ƙasar Aislan a 2021, wanda aka gina don kama tan 4,000 a shekara.

Duk da kuɗin da aka zuba, ya zuwa 2024 injunan duniya baki ɗaya ba su da ƙarfin kama fiye da wajen tan miliyan 50 a shekara, abin da bai kai kashi 1 cikin 500 na iskar da ake fitarwa ba. Mafi yawan wadda aka kama kuwa cikin tsofaffin rijiyoyin man fetur ake dura ta, domin ta koro sauran man da ya maƙale.

Wannan aiki yana cin wuta ƙwarai, saboda dafa ruwan magani da matse iska. Tashar lantarki da aka ɗora wa irin wannan inji sai ta ƙara ƙona kwal ko gaz kafin ta ba da wutar da take bayarwa da. Duk abin da aka dafa kuwa sai an sanyaya shi, kuma da ruwa ake sanyayawa. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake kira GIEC, ya nuna cikin rahotonsa na 2022 cewa ruwan da irin wannan tasha ke ɗiba yana ƙaruwa da kashi 25 har zuwa kashi 200 cikin 100. A Aislan, inda ake narkar da iskar cikin ruwa kafin a dura ta cikin dutse, kowane tan ɗaya yana bukatar ruwa wajen tan 25. Su suna da ƙanƙara da koguna. Mu ruwan samanmu wata uku ne ko huɗu, kuma a ƙasar Agye bai cika wuce milimita 400 zuwa 600 a shekara ba.

Har yanzu ba a kafa irin wannan inji a ƙasarmu ba. Amma wuraren da aka saba kai wa irin wannan tayi muna da su: tashar kwal ta SONICHAR a Anu Araren, wadda ta fara ba da wuta a 1981, matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, masana'antar siminti ta Malbaza, da rijiyoyin mai na Agadem. Dukansu a busasshiyar ƙasa suke, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa shi ne madogarar mutum da dabba.

ABIN DA AKA BINNE BA KULLUM YAKE KWANCIYA BA

Haɗari na biyu yana ƙarƙashin ƙasa. Ana zaɓen dutsen yashi mai ƙananan ƙofofi a dura iskar ciki, bisa sharaɗin akwai wani dutse mai tauri a samansa wanda zai zama murfi. In murfin ya tsage, ko kuwa akwai tsohuwar rijiya da ba a toshe da kyau ba, iskar tana samun hanyar hawa. In ta gamu da ruwan sha sai ta sa shi ya yi tsami, ruwa mai tsami kuwa yana narkar da abubuwan da ke cikin dutse, irin su dalma da arsenik, waɗanda guba ne ga jikin ɗan Adam. Ko da iskar ba ta hau ba, ƙarfin durawa yana iya tura ruwan gishiri na can ƙasa ya hau ya gauraya da ruwa mai daɗi.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A In Salah, cikin Saharar Aljeriya maƙwabciyarmu, an dura tan miliyan 3 da dubu 800 na iskar karbon daga 2004 zuwa 2011, a zurfin kusan mita 1,900. Taurarin ɗan Adam suka nuna cewa ƙasar wurin tana ɗan kumbura, bincike kuma ya nuna alamun tsagewa a ƙasan murfin dutsen. A saman wannan murfi akwai ruwan sha na mutanen Sahara. Ba a ga shaidar cewa iskar ta kai gare shi ba, amma masu aikin suka ga gara a tsaya, aka dakatar da durawa a 2011.

A Amurka, a garin Decatur na jihar Ilinoi, an gano a 2024 cewa ƙarfen wata rijiyar sa ido ya ci tsatsa, har abin da aka dura ya tsallaka zuwa wani hawa na dutse da ba a ba da izini ba. Hukuma ta ce ruwan sha bai taɓu ba. Duk da haka, a 2025 jihar ta kafa doka ta hana dura iskar karbon a ƙarƙashin babbar taskar ruwa ta Mahomet, wadda mutane kusan miliyan ɗaya ke sha daga gare ta.

Bututun da ke ɗaukar iskar shi ma abin lura ne. Iskar karbon ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka in ta fita da yawa sai ta kwanta a ƙasa, ta cika kwari da rami. Maginan rijiya sun san irinta: ita ce ke kashe fitila a gindin tsohuwar rijiya, ta sumar da wanda ya shiga. A watan Fabrairu na 2020, bututu ya fashe kusa da ƙauyen Satartia a jihar Misisipi ta Amurka. Aka kwashe mutane wajen 200, aka kai 45 asibiti, motoci kuma suka mutu a kan hanya don injinsu ya rasa iska. Ƙarfin wannan iska ya bayyana tun 21 ga Agusta 1986 a Kamaru, sa'ad da ta taso da kanta daga tafkin Nyos cikin dare, ta hallaka mutane fiye da 1,700 da dabbobi dubbai.

DARASIN TIBIRI

Mafi yawan jahar Maraɗi tana zaune ne bisa babbar taskar ruwa ta Iullemmeden, wadda muke tarayya a cikinta da Nijeriya da Mali. Daga dutsen yashinta, da kuma daga kwarin Gulbin Maraɗi da na Gulbin Kaba, ake samun ruwan rijiyoyinmu da na foraji da na shato. A ƙidayar 2012 mutanen jahar sun haura miliyan 3 da dubu 400, kuma sun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. A garuruwan tudu, mata suna jan guga daga rijiya mai gaba ashirin ko fiye.

Mutanen gundumar Gidan Runji sun riga sun ga abin da ruwan zurfi ke iya yi in ba a kula da shi ba. A Tibirin Gobir, tun daga 1985 har wajen shekarar 2000, jama'a sun sha ruwan wani foraji mai ɗauke da sinadarin fuluwor fiye da ninki uku na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar, watau miligiram 1.5 cikin kowace lita. Ruwan garau yake ga ido, babu wanda ya zarge shi. Sai haƙoran yara suka riƙa yin ja, ƙafafun waɗansu suka lanƙwashe, wuyan waɗansu ya sandare. Yara dubbai abin ya shafa, kuma waɗanda ƙashinsu ya lalace suna ɗauke da nakasar har girmansu.

Babu ruwan iskar karbon a cikin masifar Tibiri. Fuluwor ɗin daga cikin dutsen wurin yake. Amma darasin a fili yake. Dutsen da ke ƙarƙashinmu yana ƙunshe da abubuwan da ba a son su shiga ruwa, kuma duk abin da zai ƙara wa ruwan tsami ko ya motsa shi daga mazauninsa yana iya sako su. Ɓarnar ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ta yin ƙara, sai bayan shekaru ake ganinta a jikin yara. In an gan ta kuma, babu mai iya shiga ƙasa ya wanke dutse.

HANYAR ITACE: ABIN DA MANOMANMU SUKA RIGA SUKA YI

Hanya ta biyu ta girmi kowane inji. Ganyen itace yana zuƙar iskar karbon, ya mai da ita gangar jiki da reshe da saiwa. Kusan rabin nauyin busasshen itace karbon ne, har ma icen da ya kai kilo 100 in ya bushe ya ɗauke wa sama wajen kilo 180 na wannan iska.

A nan jahar Maraɗi ba ta bukatar malami daga waje. Bayan farin shekarun 1970, gonaki sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi, manomi ya yi shuka sau biyu ko uku. A watan Mayu na 1984, zamanin Shugaba Seyni Kunce, aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. A daidai wannan lokaci wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura a 1983 cewa ƙananan tsirrai da ake sarewa kowace bazara ƴaƴan tsofaffin kututture ne masu rai, masu dogayen saiwoyi. Maimakon a sare su duka wajen sassabe, sai a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, a yanke saura, a kiyaye su daga gatari da akuya. Wannan shi ne sassaben zamani. A lokacin yunwar 1984 an ba da abinci domin a gwada shi. Da abincin ya ƙare, waɗansu suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga amfani, maƙwabta kuma suka yi koyi.

A gundumar Agye, ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna saboda kwamitin sa ido da mutanensa suka kafa, maza da mata, manoma da makiyaya, don hana saran sata. Ayyukan raya karkara na asusun FIDA a Agye sun taimaka wajen yaɗa dabarar. Da masana suka gwada hotunan sama na da da na baya a shekarun 2000, sai suka kiyasta cewa gonaki wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a kudancin Nijar, galibi a jahohin Maraɗi da Damagaram, itace wajen miliyan 200. An kuma kiyasta ƙarin hatsi wajen tan 500,000 a shekara.

Abin lura shi ne, waɗannan itatuwa ba su sha guga ɗaya na ruwan rijiya ba. Kalgo, da sabara, da taramniya, da aduwa, da magarya ƴan ƙasa ne, sun saba da rani. Gawo kuwa yana zubar da ganyensa da damina, lokacin da hatsi ke bukatar rana da laima, ya yi ganye da rani lokacin da dabbobi ke neman abinci. Saiwar itace da gara da ke taruwa a gindinsa suna huda ƙasa, ruwan sama ya nutse maimakon ya gudu. Wani bincike da aka yi a Sapone ta Burkina Faso, aka buga a 2016, ya nuna cewa ruwan sama ya fi isa ƙarƙashin ƙasa a filin da itatuwa ke warwatse daidai wa daida, fiye da filin da babu itace, fiye kuma da kurmi mai duhu. Wannan kuwa ita ce siffar gonar manomin Agye.

A ƙasar Cadawa, inda aya ta zama babbar hanyar samun kuɗi, akwai bukatar ƙarin kula. Wajen girbinta akan sa wa gona wuta, a farfasa ƙasa, a tankaɗe, abin da ke ƙone ƙananan tsirrai ya bar ƙasa ga iska. Manomin da ya share gindin tsirransa kafin ya sa wuta ya ceci itacensa da ƙasarsa gaba ɗaya.

BA KOWANE DASHE NE ALHERI BA

Yanzu akwai kasuwar karbon, inda kamfanin da ke fitar da hayaƙi a wata ƙasa yake biyan kuɗi domin a kama masa iska a wata. Tan ɗaya shi ne takarda ɗaya. Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta buɗe ƙofar wannan ciniki tsakanin ƙasashe, aka kammala ƙa'idojinsa a taron Baku na 2024. Ƙasarmu ta taɓa shiga irinsa tun shekarun 2000, ta hanyar dashen dakwara mai ba da ƙaro, tare da wani asusu na Bankin Duniya.

Kuɗin da zai shiga hannun manomi abin maraba ne. Sai dai mai sayen karbon yana son itace mai saurin girma, a dasa shi a cunkushe, domin lissafin tan ya yi yawa da wuri. Itace mai saurin girma kuwa mai yawan sha ne, kamar itacen turare, wanda saiwarsa ke bin ruwa rani da damina. Wani bincike da aka buga a 2005, wanda ya haɗa awo daga ƙasashe da dama, ya nuna cewa inda aka mai da fili gandun dashe, ruwan rafuka ya ragu da wajen rabi, kuma 13 cikin 100 na rafukan sun ƙafe sarai har shekara ɗaya ko fiye. In aka jera irin wannan dashe a kwarin Gulbin Kaba ko a fadamun Gulbin Maraɗi, inda ruwa ke kusa, masu lambu da masu shayar da dabbobi ne za su fara ji a jikinsu. Ga kuma batun fili: yarjejeniyar karbon takan kai shekara 20 ko 30, kuma a Kachung ta ƙasar Uganda an ga yadda gandun karbon ya raba mutanen ƙauye da wuraren noma da kiwo.

ABIN DA YA KAMATA A TAMBAYA

Dokokin ƙasarmu ba su bar talaka hannu wofi ba. Akwai dokar ƙasar noma ta 1993 da kwamitocinta na filaye, akwai dokar ruwa ta 2010, akwai dokar 2018 wadda ta wajabta binciken illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Akwai kuma dokar 30 ga Yuli 2020 a kan sassaben zamani, wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙin cin amfanin itacen da ya raina a gonarsa. Abin da ya rage shi ne a yi aiki da su.

Saboda haka, in baƙo ya zo da tayin karbon, na inji ne ko na itace, ya kamata magajin gari, da sarki, da mai gari, da ma'aikatan ruwa da na gandun daji su nemi amsar waɗannan tambayoyi a gaban jama'a. Ruwa nawa aikin zai sha a shekara, kuma daga wace rijiya? An auna zurfin ruwan garin, an kuma gwada lafiyarsa kafin a fara, domin a sami abin kwatantawa daga baya? Wa zai riƙa aunawa kowace shekara, kuma a ina za a manna sakamakon? Wane irin itace za a dasa, ɗan ƙasa ne ko baƙo? Manomi zai ci gaba da sassabe da yankan reshe? Burtali da mashaya za su zauna a buɗe? In ruwa ya ɓaci bayan kamfani ya tafi, wa zai biya?

Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suna da babban aiki a nan. Su ne za su nemi a fassara takardar yarjejeniya da Hausa, su karanta wa jama'a ita a dandali kafin kowa ya dangwala yatsa. Su ne kuma za su iya riƙe littafin rijiyar gari, su rubuta gaba nawa igiya ta shiga a watan Oktoba, gaba nawa a watan Mayu, shekara bayan shekara. Wannan ɗan littafi shaida ce da babu mai iya musunta ta.

Manoman Cadawa da Agye da Gazawa da Gidan Runji sun shekara arba'in suna rage wa duniya iskar karbon da adda da gatari, ba tare da sun rage wa rijiya ko ƙwarya ɗaya ba. Duk wanda ya zo da wata sabuwar dabara, da wannan mudu za a auna shi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mana ruwanmu, ya ba mu damina mai albarka.